Ƙasa da Sunan Amfaninta: Inabin Shabli da Audugar Funtuwa

A arewacin yankin Bagandi na ƙasar Faransa akwai wani ɗan gari da ake kira Shabli, a bakin kogin Seren. Garin bai kai Malumfashi girma ba, amma sunansa ya zaga duniya saboda wani farin inabi mai suna Shadone, wanda suke matsewa su yi giya. Mu dai giya ba abin shanmu ba ce, addini ya haramta mana. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda manoman wurin suka riƙe sunan ƙasarsu, domin mu ma muna da ƙasar da ta taɓa yin suna da amfanin gonarta, wato Funtuwa da Malumfashi.

Tun ƙarni na 12 waɗansu malaman Kirista na gidan ibadar Fontinyi, wanda aka kafa a 1114, suka raya noman inabi a Shabli. Wurin yana da sanyi, ƙasarsa kuma farar ƙasa ce mai cike da ɓawon kawar teku ta zamanin da. Sanyin yakan hana inabin nuna da wuri, sai ya fito da ɗan tsami da ƙamshin da ba a samu a ƙasashe masu zafi. Amma sanyin nan shi ne kuma abokin gabarsu, don idan raɓa ta daskare a farkon tofo sai gona ta ƙone dare ɗaya. Shi ya sa manoma ke kwana suna hura wuta a tsakanin kunyoyi.

Masifa ta sha auka musu. A shekarun 1850 jirgin ƙasa ya haɗa Faris da kudancin Faransa, kaya masu araha suka ƙwace musu kasuwa. A ƙarshen shekarun 1880 wani ƙwaro mai cin saiwa ya cinye gonakin. Zuwa shekarun 1950 abin da ya rage bai wuce kimanin hekta 500 ba. To amma tun 1938 hukuma ta kafa doka cewa ba mai sa sunan Shabli a kayansa sai wanda ya noma Shadone tsantsa a cikin iyakar da aka shata. Da wannan doka, da dabarun yaƙi da sanyi, gonakin suka farfaɗo har suka haura hekta 5,000.

Yanzu mu dawo gida. Auduga daɗaɗɗiyar shuka ce a ƙasar Hausa. Lokacin da Baturen nan Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da saƙi da rini sun bunƙasa, ana kai tufafin har Tambutu da Tarabulus. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Manchesta, suna neman inda za su rage dogara ga Amurka. Da jirgi ya isa Kano a 1911 sun zaci auduga za su kwasa, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa. Inda audugar ta kafu sosai shi ne ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, saboda ƙasar wurin tana riƙe ruwa, damina tana da tsawo, sannan hunturu ya zo ya busar da kaɗa tas a kan karanta.

Turawa suka shigo da irin Alan, ɗan asalin Amurka, mai dogon zare. Aka buɗe tashar binciken noma a Samaru a 1922, aka yi gonar iri a Daudawa, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Manomi yakan karɓi angurya daga hannun hukuma, da kaka ya kai kayansa fuloti, malamin auduga ya duba ya ba shi lamba ɗaya ko lamba biyu. Kada mai karatu ya ɗauka tsarin nan adalci ne zalla. Hukumar cinikin auduga da aka kafa a 1949 ita ke yanke farashi, kuma sau da yawa abin da manomi ke samu bai kai na kasuwar duniya ba. Duk da haka iri bai gauraya ba, mai saye kuma ya san abin da yake saye.

A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Farashi ya sami 'yanci, amma tantance kaya ya yi rauni, iri ya cakuɗe, zaren buhun leda ya shiga cikin kaɗa ya rage mata daraja. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, waɗansu suka bi sahunta. Manoma da yawa suka koma masara da waken soya, daga baya kuma ta'adin 'yan bindiga ya raba mutanen Faskari da Sabuwa da gonakinsu masu nisa.

Bambancin ke nan. Mutanen Shabli sun faɗi, amma sun tsare iri da iyaka da ma'auni, kuma sun rubuta tarihin kusan kowace gona. Mu kuwa mun saki namu, rubutun ma ƙalilan ne. A nan aikin ya faɗo kan marubuta. Har yanzu akwai dattawan da suka yi dako a fuloti, da leburorin injin gurza, da tsofaffin mata masu kaɗi da mazari. Wanda ke neman abin rubutawa ya ɗauki takarda ya je Bakori ko Ƙafur ya zauna da su tun suna raye, ya tambaye su sunayen iri, da farashi, da yadda aka yi kuɗin auduga ya aurar da 'ya'ya ya kai mutane Makka. Allah Ya ba mu ikon yi.