Littattafan da Muka Girma a Kansu, Idan Aka Sake Buɗe Su

Duk wanda ya yi rubutun ƙagaggen labari a Kano a shekarun 1990 ya san hanyar da littafi yake bi kafin ya isa hannun mai karatu. Ka rubuta da biro a littafin makaranta, ka kai wa mai tafireta, ka yi karo-karon kuɗi ka kai maɗaba'a. Sai a raba labarin gida biyu ko uku, domin cinikin na ɗaya ne zai buga na biyu. Daga nan sai Bata da Kasuwar Sabon Gari. Wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya, littafi ɗaya ya zaga gidajen unguwa har bangonsa ya fita a ɗinke shi da zare da allura. A cikin wannan hada-hada na koyi rubutu, kuma littattafan wancan zamani nake ta sake karantawa a 'yan kwanakin nan, ina son in ga wanne ne ya riƙe darajarsa.

Da ma can da littattafan farko ake auna mu. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Imam bai tsufa ba. Har yau rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja yana sa dattijo dariya, kuma Hausar Magana Jari Ce tana nan daram. Shaihu Umar kuwa sai wanda ya haihu yake jin nauyinsa sosai, musamman inda uwa take ratsa hamada tana neman ɗanta. Abin da na ƙara lura da shi yanzu shi ne yawan labaran da Imam ya aro daga Alfu Laila da littattafan Turawa. Mu aka yi ta zargi da kwaikwayon finafinan Indiya, alhali aro ya daɗe a gidan. Bambancin kawai, shi ya iya sa wa abin aro rigar Hausa har ba a gane baƙo ne.

Bayan gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja baya. Matasa suka ce za su buga da kansu. Haka ƙungiyar Raina Kama ta tashi, da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, ya ce ba zai ɗore ba. Abdalla Uba Adamu ya kare mu a shafukan New Nigerian. A lokacin mun ji zafin sunan matuƙa.

To, gaskiya ɗaya ce. Da yawa daga cikin littattafanmu ba sa karantuwa a karo na biyu. Yarinya fara, doguwa, gashi har gadon baya. Shafi uku ana lissafa akwatunan lefe da kujerun falo da irin motar saurayi. Ba mu da editoci, kuma ɗan kasuwa yana jiran na biyu da na uku, don haka ake jan labari kamar tuwon ƙullu ana ƙara ruwa. In Da So Da Ƙauna, wanda ya girgiza Arewa a 1991, ya fi waɗannan nesa ba kusa ba. Dogayen kalaman soyayyarsa sun ɗan yi sanyi a kunnena, amma tambayar da Sumayya, tauraruwar labarin, ta jefa wa iyaye, ko dukiya ce za ta zaɓa wa yarinya miji, har gobe ba a gama amsa ta ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba. Da muna matasa mun ɗauke shi labarin kishi. Yanzu da na sake bi, sai na ga littafi ne a kan kuɗin cefane. Rabi tana da 'ya'ya tara, Alhaji Abdu yana da rumfa a kasuwa, amma abin da yake ajiye mata ba ya kai tukunya ga tafasa. Ya auro Delu, ya kori uwargida, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta. Da gobara ta cinye dukiyarsa, dangi suka taru a kanta sai ta koma. Balaraba ba ta yi wa mai karatu daɗin baki da ƙarshe mai sanyaya zuciya ba, ta bar shi da ɗacin abin kamar yadda yake a gidajenmu. Haka ma Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. Marubuciyar da kanta an yi mata auren wuri, kuma ana jin hakan a kowane shafi. Ba mamaki da aka fassara Alhaki zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Abin da ke damuna shi ne, ko masu kyan ma suna ɓacewa. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Sauran kuma gara da damina da ƙaura suna cinye su a hankali. Marubutan yanzu sun koma WhatsApp da Wattpad, masu rumfunan da muka sani da yawa sun sauya sana'a. Yarinyar da ke rubutu a waya yau sau da yawa ba ta taɓa riƙe Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa ba.

Don Allah, duk mai tsofaffin littattafan nan a akwati ko ƙarƙashin gado, kada ya bari su lalace. Ya kai su sashen Hausa na jami'a mafi kusa da shi, ko ya miƙa wa marubutan da ke raye, a tace masu nagarta a sake buga su.