Daga Akwatin Bango Zuwa Ayisi Mai Ƙafa Takwas: Waiwaye Kan Gardamar Sauti a Sabo ta Ibadan

A cikin galibin amfilfayoyin da ke ɗakunan Sabo ta Ibadan, da na'urorin haɗa murya na masallatai da na masu kiɗan biki, akwai wani ɗan baƙin ayisi mai ƙafa takwas wanda tsawonsa bai wuce santimita ɗaya ba. Injiniyoyi na kiransa of-amf, masu gyara kuwa lambar da ke bayansa suke kira: 4558, ko 5532, ko 072. A kansa ne masu son sauti na duniya suka shafe shekaru kusan hamsin suna ja-in-ja. Wasu sun rantse cewa in ka cire wanda kamfani ya sa ka dasa mai tsada, kiɗa zai buɗe, murya ta fito tas. Wasu kuma suka ce zubar da kuɗi ne kawai. Yanzu wayar hannu ta kawo gardamar har Sabo, sai ka ji matashi na ce wa mai gyara, "Oga, a canja mini ayisi, na gani a YouTube." Kafin a yanke hukunci, gara a bi sawun abin tun daga tushe.

An kafa Sabo a matsayin unguwar Hausawa a 1916, bayan layin dogo ya iso Ibadan a 1901 ya kuma kai Kano shekaru goma bayan haka. Shanu su gangaro kudu, goro ya hau arewa, Sabo na tsakiya. Mutumin da ya bar Kano ko Sakkwato ya zauna a ƙasar Yarabawa, babu abin da kunnensa ke nema kamar muryar gida. Ɗaya daga cikin na'urorin sauti na farko da suka shiga gidajen birnin ita ce akwatin rediyon waya na Turawan mulki, wanda ya fara aiki a Ibadan a 1939, a Kano kuma a 1944. Akwati ne a maƙale a bango, waya ta taho masa daga tasha, ba ka da zaɓin abin da za ka ji, iyakarka ka ƙara murya ko ka rage. Babu abin canjawa a ciki, balle a yi gardama.

A farkon shekarun 1950 mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya gadan-gadan, suka kuma tsayar da Juma'arsu a cikin unguwa, kamar yadda Abner Cohen ya rubuta a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo. Sai BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, aka kafa talabijin na WNTV a Ibadan a 1959, rediyon Kaduna ya zo a 1962. Ƙaramar rediyo mai batir ta zama abokiyar mai shago da mai sayar da tsire. A gajeren zango ake kamo Kaduna da Landan, murya na zuwa tana tafiya, shuuu ɗin iska na binta. Wannan shi ya horar da kunnen Sabo: zikiri da huɗuba da labarai da baitin mawaƙi. Ma'aunin na'ura mai kyau a nan shi ne a ji kalma, a gane ta.

A daidai wannan lokaci ayisin namu yana girma a Amurka, kuma ba don kiɗa aka haife shi ba. Karl Swartzel na Bell Labs ya ƙera kakansa a 1941 don lissafin saita bindigar kakkaɓo jirage. A 1953 George Philbrick ya fara sayar da K2-W, mai bawul biyu na gilashi. Bob Widlar na kamfanin Fairchild ya matse abin cikin ƙwayar silikon, ya fitar da 709 a 1965, sannan Dave Fullagar ya kawo 741 a 1968, wanda arharsa da sauƙin aikinsa suka sa ya cika duniya.

Yadda yake aiki shi ne zuciyar gardamar, don haka bari mu ɗan tsaya a nan. Shi kaɗai, of-amf yana iya ninka sigina sau dubu ɗari ko fiye, abin da babu mai buƙata. Sai a ɗebi wani kaso na abin da ya fitar a mayar masa ta ƙafar da ke ragewa, dabarar da Harold Black ya gano a 1927. Ta haka yake kwatanta abin da ya fita da abin da ya shiga, yana gyara kuskurensa da kansa. Razista biyu da ke gefensa su ke yanke yawan ninkin, kafasitoci kuma su yanke yawan bes da tirebul. Ma'ana, an tsara da'irar ne da gangan don halin ayisin ya ɓace. Muddin yana da isasshen sauri, ba ya da yawan hayaniya, kuma bai fi ƙarfin kayan da aka ɗora masa ba, abin da ke kewaye da shi ne ke magana, ba shi ba.

To, 741 bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. Saurinsa rabin bolt ne a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Sauti mafi siriri da kunnen yaro ke ji, mai kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, in ana son ya kai bolt 10, yana buƙatar saurin kusan 1.3. Kenan 741 na gajiya a hanya, sautin ya murguɗe, ga kuma hayaniya. Matti Otala na ƙasar Finlan ya tayar da maganar irin wannan murguɗewa a 1970, Walt Jung a Amurka ya bi ta da gwaje-gwaje a 1977. Duk wanda ya cire 741 a wancan zamani ya sa wanda ya fi shi, ya ce ya ji bambanci, gaskiya ya faɗa, kuma na'urar awo ta goyi bayansa.

Amma kafin shekarun 1970 su ƙare an toshe ramin. Raytheon ya fitar da 4558 mai ɗauke da biyu a jiki ɗaya, Texas Instruments ya kawo TL072 mai saurin 13, Signetics kuma ya kawo NE5534 da ƙaninsa NE5532 na 1979, mai saurin 9 da ƙarancin hayaniya. Wannan na ƙarshe ya cika teburan haɗa sauti na situdiyo a duniya. Injiniyan nan na Ingila, Douglas Self, ya daɗe yana kare shi da alƙaluman awo. Hujjar da ta fi kama hankalina ita ce: waƙar da kake so ka ji tas a ɗakinka, mai yiwuwa ta riga ta ratsa irin wannan ayisi da dama tun a situdiyo. In da yana lalata sauti, da ɓarnar ta auku tun kafin faifan ya iso hannunka, kuma canja guda ɗaya na ƙarshe ba zai dawo da komai ba.

A Najeriya kuwa zamanin kuɗin mai ne. Ƙarin albashin Udoji, da aka biya da bashin baya a 1975, ya cika shagunan Dugbe da rikodojin National da Sharp da Sanyo, masu hali kuma suka ɗauki Pioneer da Kenwood da Sansui. Kaset, wanda Philips ya ƙirƙira a 1963, ya zama sarkin Sabo. Direbobi da fatake na sauko da Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge da waƙoƙin Indiya, da azumi kuma tafsirin Shehu Ɗahiru Bauchi, maƙwabta Yarabawa na sakin fuji da juju daga ɗaya ɓangaren titi. Galibin kaset ɗin kwafi ne na kwafin kwafi, irin wanda kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta shahara da shi, har Brian Larkin ya yi dogon bayani a kai a littafinsa na 2008. Kalangun Shata na fitowa a dusashe, amma ba wanda ya fasa saye, tunda ana jin abin da yake cewa.

Da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabon kaya ya gagara, sai tokumbo, wato kayan hannu, daga Alaba ta Legas zuwa Ogunpa ta Ibadan. A nan ne mai gyara ya zama mutum mai daraja. Kayan Japan na wuta 100 ne, na Amurka 120, namu kuwa ya haura 200, don haka mantuwa ɗaya ta taransifoma ta isa hayaƙi ya tashi. Masu gyara na Sabo da Mokola, Hausawa da Yarabawa, sun iya canja ayisi tun wancan lokaci, sai dai don larura suke yi. Kuma sun san abin da ke yawan ƙonewa: manyan ayisin ƙarfi irin STK da TDA2030 da LA4440, waɗanda ke jan sifika. Ƙaramin 4558 da ke fanel ɗin bes da tirebul yakan yi shekaru talatin ba a taɓa shi ba.

A ƙasashen da ba a fama da larura, canjin ya koma sha'awa. Burr-Brown ya fitar da OPA627 da OPA2134, Chu Moy ya wallafa zanen 'yar amfilfayar kunne a 1998 wadda matasa suka riƙa haɗawa a gwangwanin alewa suna gwada ayisi iri-iri, National Semiconductor ya kawo LM4562 a 2006 da murguɗewar da ba ta wuce kashi 0.00003 cikin ɗari ba. Daga baya aka sami MUSES na Japan da Burson na Ostareliya, waɗanda wani lokaci kuɗin guda biyu ya kan tasam ma kuɗin na'urar da za a dasa su. Yanzu ƙananan amfilfayoyin Sin irin Aiyima A07 da Fosi Audio V3 suna zuwa da NE5532 a kan soket, ba dalma, ka zare da hannu ka cusa wani. Su da wayar hannu ne suka shigo da zancen Sabo.

Me ya sa mutane masu gaskiya ke rantsewa sun ji bambanci? David Clark ya gabatar da amsar a aikace tun 1982: a saurara ba tare da sanin wanne ke aiki ba, kuma a daidaita ƙarfin murya daidai wa daida. Ƙarin ƙara kaɗan, wanda ba ka ma lura da shi ba, kunne na fassara shi da "ya fi daɗi". Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti sai na 'yan daƙiƙoƙi, alhali kashe na'ura, kwance ta, canja ayisi, da sake kunnawa na cin mintuna. Ga kuma kuɗin da ka riga ka biya yana raɗa maka.

Ba wai canji ba ya taɓa amfani ba. In tsohuwar na'ura ce mai 741, ko matakin makirfo da ake ninka sigina sosai har hayaniya ta fito, ko amfilfayar kunne mai neman ayisi mai ƙarfin tura wuta irin NJM4556, mai gyaran da ya san aikinsa zai iya kawo gyara na gaske. Amma haɗarin ma na gaske ne. Ayisi mai tsananin sauri a fanel ɗin da ba a tsara masa ba yakan shiga rawar da kunne ba ya ji, ya yi zafi, ya cinye tuwita. NE5532 na jure bolt 22 kowane gefe, LM4562 kuwa 17 ne iyakarsa. OPA627 guda ɗaya ne a jiki, ba ya zama a gurbin mai biyu sai da wani fanel. Ka juya shi baibai, ya mutu nan take.

Sai maganar jabu, wadda ta fi shafar mu. Kasuwancin Sabo a kan amana aka gina shi: maigida ya tsaya wa baƙo, dillali ya san mai saye, a ba da shanu bashi ba takarda. Goro kuwa ka fasa ka ɗanɗana kafin ka biya kuɗin huhu. Ayisi ba ya ba ka wannan dama. Ana kankare lambar mai arha a buga ta mai tsada, kuma ido ba ya ganewa. Wanda ya sayi irin wannan ya dasa, ya kuma rantse sauti ya buɗe, shi ne babban shaidar masu cewa farashi kunne ke bi.

A ɗakin Sabo mai bangon siminti da rufin kwano, murguɗewar sifika kaɗai takan kai kashi ɗaya cikin ɗari, wato ta ninka ta NE5532 sau ɗaruruwa. Ga gurnanin janareta, ga kafasitocin tokumbo da suka bushe, ga maɓallin ƙara murya da ya sha ƙura, ga waƙar da aka matse aka yi ta turawa ta WhatsApp. A masallaci ma, in huɗuba ba ta fita, yawanci an ƙure lasifika ne ko an sa makirfo a gabanta.

Don haka wanda ke da kuɗin canji ya fara da sifika, ya janye ta daga lungu, ya sa a canja masa tsofaffin kafasitoci, ya nemi sitabilaiza. In har yanzu ransa na kan ayisi, ya sa aboki ya riƙa canjawa a ɓoye sau goma, murya daidai. In bai canka tara ba, ya bar 5532 inda kamfani ya sa shi.