Gaskiya Ɗaya Ce Ko Tana Canzawa Da Zamani?

Wannan tambaya ta yi yawa a bakin ɗalibanmu, musamman masu karatu a Jami'ar Duwala, inda suke jin ana cewa kowa da gaskiyarsa, kowane zamani da tasa. A masallatanmu na New Bell ma sukan ga dattijo yana sallah hannu a sake, ɗansa kuma a gefensa ya kama hannu a ƙirji. Daga nan sai wani ya ce addini ma yayi ne. Ga yadda malamai suka rarrabe mas'alar.

Abin da ba ya canzawa

Malaman usulu suna kiran wannan kashi tabbatattu. Shi ne abin da nassi yankakke ya zo da shi, kuma al'umma ta haɗu a kansa: kaɗaitakar Allah, annabcin Annabi Muhammadu (SAW), tashin alƙiyama, salloli biyar, azumin Ramadan, zakka, hajji, da haramcin zina, giya, riba, zalunci da cin amana. Fatake Hausawa da suka sauka Duwala tun zamanin Jamus, suka zauna a New Bell da aka yanka wajen 1914, raka'a huɗu suke yi a azahar, mu ma haka. Da dukan mutanen gari za su yarda cewa tauye mudu a kasuwa ba laifi ba ne, yardarsu ba za ta halatta shi ba.

Abin da yake canzawa

Kashi na biyu shi ne hukuncin da aka gina a kan ijtihadi, ko al'ada, ko maslaha. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya a Masar wanda ya rasu a 684 bayan hijira, ya yi bayani cewa hukuncin da tushensa al'ada ce yana sauyawa idan al'adar ta sauya, kuma kuskure ne mufti ya ba baƙo fatawa da al'adar garinsa shi muftin. Ibnul Ƙayyim ma ya ware babi a littafinsa I'ilamul Muwaƙƙi'ina kan sauyawar fatawa saboda zamani da wuri da hali. Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204, yana da tsohon ra'ayi na Iraƙi da sabo na Masar a mas'aloli da dama. Tun kafin su, Sayyidina Usman ya ƙara kiran sallah na farko ranar Juma'a da Madina ta cika da jama'a.

Misalin wannan yana gabanmu. Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce, wato mudun Annabi huɗu. A Madina da dabino da sha'ir ake fitarwa, a Duwala kuwa da shinkafa ko masara, don su ne abincin gari. Nisabin zakka yana nan yadda yake, amma da sefa muke lissafa shi. Wajibcin bai motsa ba, yadda ake sauke shi ne ya bi wuri.

Saɓanin malamai

Akwai kashi na uku: inda nassi yake ɗaukar fahimta fiye da ɗaya. Kablu da sadalu suna nan. Riwayar sakin hannu a farilla tana cikin Mudawwana, hadisin ɗora dama a kan hagu kuma yana cikin Muwaɗɗa, duka biyu daga gidan Imam Malik. Iyayenmu da suka tashi da karatun Ahalari da Ishmawi da Risala a zaure ba su ƙirƙiro sadalu ba. Kablu kuwa ya yaɗu a ƙasar Hausa ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass, daga baya kuma ta hannun Izala da aka kafa a Jos a 1978, da waɗanda suka yi karatu a ƙasashen Larabawa.

Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da alƙali ya warware mana damuwa: wanda ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, wanda ya kuskure yana da ɗaya. Tunda akwai dacewa da kuskure, ashe gaskiya ɗaya ce a wurin Allah. Tunda kuma mai kuskure yana da lada, ashe ba a gaba da shi. Haka sahabban da aka tura Banu Ƙuraiza suka saɓa kan lokacin sallar la'asar, Annabi (SAW) bai zargi kowane ɓangare ba.

Al'adar da aka ɗauka addini ce

Wani lokaci abin da ya canza jahilcinmu ne ya ragu. An yi zamanin da wasu gidaje suke ganin karatun 'ya mace abin kunya ne. Alhali Shehu Usman Ɗan Fodiyo ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da mata. Wanda ya sa 'yarsa makaranta yau, ya koma ga gaskiyar da aka manta ne.

Abin da muke kira gare shi

Kafin a yi jayayya kan wata mas'ala, a fara tambayar malami masani: a wane kashi take? Idan tabbatacciya ce, babu sassauci, ko da zamani ya juya mata baya. Idan ta ijtihadi ce, a bi hujjar da ta fi ƙarfi, a kuma yi wa wanda ya saɓa uzuri. Matashi kada ya kira kakansa ɓatacce saboda sadalu, dattijo kuma kada ya kori yaro daga sahu saboda kablu. Mu tsiraru ne a wannan gari, maƙwabtanmu Kiristoci suna karanta Musulunci daga halinmu, kuma masallacin da ya rabu biyu kan mas'alar da Imam Malik kansa ya ruwaito fuska biyu a cikinta ya yi asarar da ba dole ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Allah ne mafi sani.