Tiyatar Haihuwa: Muhawarar Masu Zaɓi da Halin Matan Gobir

A shekarar 1879 wani Bature ɗan Ingila, Robert Felkin, ya ga masu maganin gargajiya a masarautar Bunyoro ta ƙasar Yuganda sun tsaga cikin wata mata sun ciro jariri. Da giyar ayaba suka wanke hannu da ciki, da ƙarfe mai zafi suka tsayar da jini, kuma uwa da ɗa suka rayu. A wancan zamani, a manyan asibitocin Turai, macen da aka yi wa wannan aiki galibi ba ta tashi. Sai a 1882 likitan Jamus Max Sänger ya yaɗa dabarar ɗinke mahaifa da kyau, daga baya ƙarin jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka sa aikin ya daina zama bankwana da duniya.

Da tsoro ya ragu, sai wata tambaya ta taso: mace lafiyayya, cikinta lafiyayye, tana da ikon cewa a yi mata aiki don gudun naƙuda? A 1985 wasu likitocin Amurka biyu, Feldman da Freiman, suka buga maƙala suna tambayar ko ya kamata a ba mata wannan zaɓi. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi taro a Fortaleza ta ƙasar Burazil, inda aka ce babu hujjar tiyata ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na haihuwa. Burazil ɗin kanta yau ta haura kashi 50. Ingila kuwa tun 2011 ta amince a yi wa mace aikin idan ta nace bayan an yi mata cikakken bayani.

A 1985 ɗin nan dai Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa bincikensa kan haihuwa 22,774 a asibitin Zariya. Matan da ya ga suna mutuwa mafi yawa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan doguwar naƙuda a gida. Waɗanda suka tsira da yoyon fitsari su ne Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinkewa a Babbar Ruga ta Katsina. Ashe a shekara guda wasu na gardamar yawan tiyata, namu na mutuwa don rashinta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi ta tiyata, Arewa maso Yamma kuwa ko rabin haka ba ta kai ba.

A ƙauyukan Isa da Sabon Birni, kamar Tozai, an gaji ɗabi'ar kunya, musamman a haihuwar fari: a daure, kada a ji kuka. Wadda aka yi wa aiki wasu na yi mata kallon raguwa, kishiya ma ta samu abin gori. Yanzu ga 'yan bindiga sun sa tafiyar dare ta zama kasada, ga Sakkwato tafiyar sa'o'i ce. Maƙwabtanmu na Nijar sun mai da aikin kyauta tun 2005. A nan sai a Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da haka ga mata marasa galihu.

Duk da haka tambayar zaɓi ta fara iso mu, daga matan birni masu ilimi da hali. A ganina amsarta a nan ta bambanta da ta Landan, saboda tabo. Baturiya na iya tsayawa a haihuwa biyu, a Jihar Sakkwato kuwa binciken 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ya kai bakwai. Kowace tsaga tana ƙara haɗarin mabiyiya ta manne wa mahaifa ko ta tare hanya a ciki na gaba, kuma tabon na iya yagewa a naƙuda. Wadda aka yi wa aiki sau ɗaya, haihuwar gida ta ƙare mata. Idan aure ko aikin miji ya kai ta inda babu jini a ajiye, babu wutar ɗakin tiyata, zaɓin da ta yi tana 'yar shekara ashirin da biyu shi zai biyo ta.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne allurar naƙuda, wato oksitosin. Magani ne mai ceton rai wajen tsayar da jini bayan haihuwa, amma zafi na rage masa ƙarfi, firiji yake buƙata. Ana saye a kemis a yi wa mace a ɗaki don gudun asibiti da wuƙarsa. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugu, ko akwai tsohon tabo, allurar ba ta buɗe hanya. Matsa mahaifa take yi har ta fashe, sannan a ɗauko matar cikin dare a nemi tiyatar da aka guje wa tun safe.