Tsirrai da kumburi: abin da gwajin ɗakin bincike ke nufi ga majinyaci

Ka iya jin an ce bincike ya tabbatar gangamau, zogale ko hano na maganin kumburi. Kafin ka dogara da wannan magana, ka san yadda ake irin wannan gwajin.

Yadda ake gwajin

Kumburi hanya ce da garkuwar jiki ke bi wajen yaƙar cuta da gyara rauni. Idan ya daɗe bai lafa ba, kamar a amosanin gaɓɓai, sai ya koma yana cin jikin da kansa. Masu bincike kan reno wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makarofej a cikin ƙananan faranti, galibi na jikin ɓera. Sai su zuba musu LPS, wani sinadari daga ɓawon bakteriya, wanda ke sa su zaci cuta ta shigo. Nan take su fara fitar da sinadaran kumburi irin su TNF-alfa da IL-6. Daga nan a ƙara ruwan da aka tato daga tsiron, a auna ko sinadaran sun ragu, a kuma duba ko ƙwayoyin na raye, domin mataccen abu ma ba ya fitar da komai.

Me ya sa wannan bai isa ba?

A faranti, ruwan tsiron na taɓa ƙwayoyin kai tsaye. A jikinka kuwa sai ya ratsa ciki da hanji da hanta kafin ya isa jini. Kurkumin, sinadarin da ke ba gangamau launin rawaya, yana rage kumburi sosai a faranti, amma kaɗan ƙwarai hanji ke tsotsa, hanta kuma ta yi saurin sauya shi. Shi ya sa bayan faranti ake gwaji kan dabbobi, sannan kan mutane, inda ake gano adadin da ke aiki da illolinsa. Yawancin abubuwan da suka yi kyau a faranti ba sa kaiwa ƙarshen wannan tafiya. Wasu kan kai: asfirin, wanda aka haɗa a kamfanin Bayer na Jamus a 1897, ya samo asali ne daga sinadarin ɓawon itacen wilo.

Abin da za ka kiyaye

Gangamau a miya ba matsala ba ne ga yawancin mutane. Ƙwayoyinsa masu ƙarfi da ake sayarwa daban suke: an samu waɗanda hantarsu ta taɓu bayan shan su, kuma suna iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan warfarin.

Kada ka daina maganin da likita ya rubuta maka saboda wani jiƙo. Ka gaya wa likitanka duk abin da kake sha, musamman idan akwai ciwon hanta ko ƙoda, ko juna biyu. Idan idonka ya yi rawaya ko fitsarinka ya yi duhu, ka dakatar da shan abin, ka je asibiti a ranar.