Mesa mai dunƙulewa: yadda ake tanadar mata ɗumi da maɓoya a yanayin Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Mesa mai dunƙulewa ita ce mafi ƙanƙanta daga cikin mesoshin da ake samu a Najeriya, kuma ba ta da dafi. Ta sami wannan suna ne daga ɗabi'arta: idan ta tsorata takan naɗe jikinta kamar gammo, ta cusa kanta a tsakiya, maimakon ta kai sara. Masana na kiranta Python regius, kuma Baturen Ingila George Shaw ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1802. Mazauninta na asali shi ne dazuzzuka da filayen ciyawa na Afirka, daga Senegal har zuwa Uganda.

Kiwon maciji a gida ba al'adar ƙasar Hausa ba ce, in ban da masu wasa da maciji da aka saba gani a kasuwanni. Amma a Turai da Amurka wannan mesa na cikin macizan da aka fi kiwatawa, kuma galibin bayanan kula da ita da ke intanet an rubuta su ne domin ƙasashe masu sanyi. Wanda ya kwashe su yadda suke ya yi aiki da su a Zamfara na iya kashe dabbar da hannunsa, domin a nan zafin bazara ya fi sanyin hunturu haɗari.

Yadda take rayuwa a daji

Babbar mesa mai dunƙulewa takan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. 'Yar ƙaramar da aka ƙyanƙyashe ba ta cika wuce santimita 25 zuwa 40 ba. Uwar takan yi ƙwai 3 zuwa 11, ta naɗe su da jikinta har kusan wata biyu. A hannun mai kiwo takan rayu shekara 20 zuwa 30, wani lokaci fiye da haka.

Jikin maciji ba ya samar wa kansa ɗumi kamar na akuya ko kaza. Da zafin wurin da yake kwance yake narka abinci, da shi kuma yake yaƙar cuta. Shi ya sa wannan mesa ke wuni a cikin ramin ɓera ko gafiya, ko a tsohon suri, inda zafi da laima ba su cika sauyawa ba, sai dare ya yi ta fito farauta. Duk abin da mai kiwo zai tanada, kwaikwayon wannan rami ne.

Gefen ɗumi da gefen sanyi

Ƙa'idar farko ita ce akwatin ya kasance yana da ɓangare biyu. A gefen ɗumi, ƙasan akwatin ya kai digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salsiyos. A ɗaya gefen, 24 zuwa 27. Da dare kada ya sauka ƙasa da 23. Da haka mesar za ta zaɓi inda jikinta ke buƙata. Idan sanyi ya yi yawa takan ƙi cin abinci, ko ta amayar da wanda ta haɗiye, ko ciwon numfashi ya kama ta. Idan kuma akwatin gaba ɗaya ya wuce digiri 35 ba ta da wurin gudu, tana iya mutuwa cikin sa'o'i.

'Yar ƙarama ba ta son fili mai faɗi. Akwatin roba mai tsawon kamar santimita 60, mai ƙananan huji na shan iska da murfi mai kullewa, ya ishe ta a watannin farko. Ana ɗumama shi da shimfiɗar ɗumi ta lantarki, a sa ta ƙarƙashin akwatin daga waje, ta rufe kashi ɗaya cikin uku na gindinsa kawai. Dole ne a haɗa ta da na'urar daidaita zafi, wadda ke yanke wuta idan an kai adadin da aka saita. Maciji kan ci gaba da kwanciya a kan abin da ke ƙona shi har fatar cikinsa ta saluɓe. Tafin hannu kuma ba ma'auni ba ne: a ajiye ma'aunin zafi a kowane gefe.

Hunturu, bazara da damina

Gusau da Bunguɗu na bakin Gulbin Sakkwato, Tsafe kuma na kan hanyar Funtuwa cikin duwatsu, amma yanayinsu kusan ɗaya ne.

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 18, iska kuma ta bushe ƙarau. A nan ne ake buƙatar ɗumama akwatin. Idan aka ɗauke wuta, a cika kwalba da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a jingina ta da gefen ɗumi daga waje, a riƙa sauyawa. Kada a kawo kaskon gawayi kusa: hayaƙinsa da ba a gani yana kisa a rufaffen ɗaki, ga mutum da dabba baki ɗaya.

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan doshi digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. A wannan lokaci a kashe na'urar ɗumi, a sauke akwatin ƙasa a ɗaki mafi sanyi a gidan. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi dacewa, domin yana riƙe sanyin dare kamar yadda suri ke yi. Kada a ajiye akwatin a bakin taga ko a tsakar gida, ko da na minti kaɗan ne, domin rufaffen akwati a rana tanderu ne. Jiƙaƙƙen buhu a kan rabin murfin na rage zafi, bisa hikimar da ke sanyaya ruwan randa.

Da damina, musamman a Agusta, matsalar ita ce laima da fumfuna. Kwanciya a jiƙaƙƙen wuri na ruɓar da ɓawon cikin maciji, don haka a riƙa sauya shimfiɗa da zarar ta jiƙe.

Maɓoya biyu, ba ɗaya ba

Idan maɓoya ɗaya ce, mesar za ta zaɓi tsaro a kan lafiyarta: za ta lafe a ciki ko da wurin ya yi sanyi ko zafi fiye da kima. Saboda haka a sa biyu iri ɗaya, ɗaya a kowane gefe. Kowace ta kasance mai duhu, mai ƙofa ɗaya, matsattsiya yadda jikin mesar zai taɓa bangonta idan ta naɗe.

Ba sai an yi odar komai daga waje ba. Ƙaramin kasko ko tukunyar ƙasa da aka kife, aka fasa mata ƙofa a baki aka goge kaifin, ta wadatar, kuma ƙasa na riƙe ɗumi da laima. Ƙwarya ma na yi, sai dai tana saurin fumfuna. A guji ƙofa mai zagayayyen huji wanda mesar za ta maƙale a ciki idan ta ƙara ƙiba.

Laimar akwatin ta kasance kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, ta ƙaru a lokacin saɓa, wato sa'ad da idanunta suka yi hazo-hazo. Da hunturu a ƙara maɓoya ta uku mai ɗan damshi a ciki, domin saɓar ta fita gaba ɗaya, kada ta maƙale a ido ko a bakin wutsiya. A shimfiɗa farar takarda ko zaren ɓawon kwakwa. Yashi bai dace ba. A ajiye kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba.

Haɗurran da ke cikin gida

Maganin sauro na fesawa, da na kunnawa, da fiya-fiya, duk guba ne ga maciji. Haka ma ɓeran da aka kama a gidan da ake zuba maganin ɓera. 'Yar mesa kan ci ƙaramin ɓera ɗaya duk kwana biyar zuwa bakwai, kuma ba a ɗaukarta sai bayan kwana biyu da ci. Sabuwar zuwa a bar ta mako guda ba taɓawa. Macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, don haka wanke hannu da sabulu wajibi ne, kuma a nisanta akwatin daga madafa da ƙananan yara.

Idan ta riƙa buɗe baki tana numfashi, ko majina ta fito mata, ko cikinta ya yi ja, lokacin ganin likitan dabbobi ya yi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi.

Kafin a karɓe ta

Babban haɗari shi ne kuskuren ganewa. Kasa da kububuwa na da zane a jiki kamar mesa, ƙanana ma sun fi rikitarwa, kuma sararsu na kisa. Kububuwa na cikin macizan da suka fi hallaka manoma a arewacin Najeriya. Kada wanda ba gwani ba ya ɗauki ɗan maciji a gona da zaton mesa ce.

Akwai kuma batun doka da kare jinsi. Mesa mai dunƙulewa na cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya na cikinta tun 1975. A cikin gida an kafa doka a 1985 kan dabbobin da ke fuskantar barazana. Togo, Benin da Ghana ne suka fi fitar da ita zuwa ƙetare, kuma ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin jinsunan da ke dab da shiga haɗari. A daji tana yi wa manomi aiki, domin ɓeraye masu ɓarnar hatsi ne abincinta.

Wanda ya tsare dabba, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyansa, kuma wannan nauyi ne na shekara ashirin ko fiye. Idan gida ba shi da ɗakin da zai yi sanyi a Afrilu ya kuma yi ɗumi a Janairu, ramin da take ciki a daji ya fi mata kowane akwati.