Zare: Yadda tsofaffin motocin tseren Italiya suka tashi daga bola suka koma dukiya

1/ Jama'a, a watan Agustan 2023 an yi gwanjon wata Ferrari a Monterey da ke jihar California ta Amurka. Ba kujera, ba gilashi, ba fenti. Bodin ya ƙone ya lanƙwashe kamar gwangwanin da tirela ta taka. An sayar da ita kusan dala miliyan 1.9. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi aka kai nan. 🧵

2/ Motar 500 Mondial ce, ƙirar 1954. Wanda ya saya ya san sarai ba tashi za ta yi ba. Abin da ya biya wa kuɗi shi ne lambar da ke jikin shasinta, wato ƙashin motar, da takardun da suka nuna ta yi tsere a Italiya. Ni injiniyanci nake karantawa, amma wannan kasuwar ta sa na koma bin tarihi.

3/ Bari mu faro daga tushe. An haifi Enzo Ferrari a Modena a 1898. Ya yi wa Alfa Romeo tuƙin tsere, ya kafa ƙungiyarsa ta Scuderia Ferrari a 1929, sannan a 1947 mota ta farko mai sunansa ta fito daga Maranello. Shi tsere ne a ransa. Motocin titi yana sayar da su ne don ya samu kuɗin shiga gasa.

4/ A lokacin, kamfani kan haɗa inji da shasi, sai ya miƙa wa wasu masu sana'a su ɗora bodi. Akwai Pininfarina a Turin, akwai Touring da Zagato a Milan, akwai Scaglietti a Modena. Maserati ma a Modena take, Lamborghini kuma ta buɗe a kusa da nan a 1963. Duk a arewacin Italiya.

5/ Yaran shagon Sergio Scaglietti, a taƙaice dai, fanel bita ne. Da guduma suke bugun fallen alminiyam har ya ɗauki siffar da ake so. Shi ya sa ba za ka samu bodi biyu da suka zo daidai-wa-daida ba. Ko gefen dama da na hagu a mota ɗaya kan ɗan bambanta. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

6/ Motar da ta fi bayyana wannan tarihi ita ce Ferrari 250 GTO. Giotto Bizzarrini ne ya fara aikinta, da ya bar kamfanin a 1961 sai matashin injiniya Mauro Forghieri ya ƙarasa, Scaglietti ya yi bodi. Injinta silinda 12 ne, lita 3, ƙarfin doki kusan 300, da kafireto shida ƙirar Weber.

7/ Dokar hukumar tsere ta FIA ta ce sai an ƙera mota 100 kafin a yarda samfuri ya shiga rukunin GT. Ferrari ya ce ai wannan ba sabuwa ba ce, gyaran fuska aka yi wa 250 GT da ake da ita. Aka yarda. Daga 1962 zuwa 1964 guda 36 kacal aka ƙera. Ƙarancin da ake kuka da shi yau daga nan ya samo asali.

8/ Sabuwa dal, dala 18,000 ake sayar da ita a Amurka, kuma ba kowane mai kuɗi ake ba wa ba, sai wanda Enzo ya amince da shi. Ta kuwa biya bukata. Ferrari ta lashe gasar duniya ta masu ƙera motocin GT a 1962 da 1963 da 1964, sau uku a jere.

9/ To amma motar tsere da ta daina cin gasa kaya ce kawai. Aka koma yayin motoci masu inji a bayan direba, GTO mai inji a gaba ta zama tsohon yayi. Ga ƙara, ga zafi a ciki, ga tsadar kayan gyara. A ƙarshen shekarun 1960 ana sayar da ita ƙasa da kuɗin da aka saye ta sabuwa.

10/ Ku ji wannan. Akwai guda ɗaya da mai ita ya bayar kyauta ga wata makarantar sakandare a garin Victoria na jihar Texas, don ɗalibai su koyi kanikanci. A 1972 makarantar ta sayar. Wanda ya saya ya ajiye ta a fili a jihar Ohio, rana da ruwa da ƙanƙara suna dukanta sama da shekara goma.

11/ Nick Mason, makaɗin gangar ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, ya sayi tasa a ƙarshen shekarun 1970 a kan kusan fam 37,000. A lokacin wannan kuɗin gida ne mai kyau, kuma an zuba shi ne a tsohuwar motar da ta gama zamaninta. Daga baya irinta ɗaya ta haura dala miliyan 40.

12/ Me ya juya abin? Yaran da suka taso suna kallon motocin nan a 1950 da 1960 sun girma sun yi kuɗi. Sannan aka farfaɗo da tseren tsofaffin motoci. Mille Miglia, wadda aka yi daga 1927 zuwa 1957, ta dawo a 1977, kuma samfuran da suka shiga ta asali kaɗai ake karɓa. Tsohuwar mota ta zama tikitin shiga taron manya.

13/ Ranar 14 ga Agustan 1988 Enzo Ferrari ya mutu. Nan take 'yan kasuwa suka ce duk motar da aka yi yana raye ta zama abin ajiya. Lokacin kuma kuɗi sun yi yawa a Japan. Mutanen da ba su san inda ake zuba bakin mai ba suka shigo da bashin banki. A 1989 wani ɗan Japan ya sayi GTO sama da dala miliyan 10.

14/ Abin da ya hau da gudu, da gudu ya sauko. Tattalin arzikin Japan ya karye a farkon shekarun 1990, bankuna suka fara neman kuɗinsu, masu saye suka ɓace. Ita wannan motar dai, da aka sake sayar da ita a 1994, ba ta kai dala miliyan 4 ba. Duk mai ce muku tsohuwar mota ba ta faɗuwa, ku tuna masa wannan.

15/ Faɗuwar ta tona asirin wasu. A Ingila, Lord Brocket ya tara motoci da bashi. Da kasuwa ta karye sai ya sa aka yayyanka Ferrari uku da Maserati ɗaya, ya ce sace su aka yi, ya nemi fam miliyan 4.5 a wurin inshora. Magana ta fito, aka ɗaure shi a 1996. Motocin da suka tsira daga tsere, kwaɗayi ya cinye su.

16/ Inda kuɗi suka taru kuma 'yan jabu ba sa nisa. Ferrari ta ƙera 250 GTE, mota mai kujera huɗu, sama da 900, kuma injinta dangin na GTO ne. Sai wasu suka riƙa sayenta da arha, su yar da bodin, su gajarta shasin, su ɗora bodi irin na GTO. GTE da yawa a haka suka ƙare.

17/ Nan tambaya mai wuya ta taso: wace mota ce ta asali? Motar tsere ai sai ta yi karo. Ana canza mata inji, a canza giya, a sake bodi. Wani ya tsinci tsohon injin, wani ya tsinci guntun shasin, kowa ya gina mota a kai, sai ka ga motoci biyu suna ikirarin lamba ɗaya. Irin wannan rigima har kotu take kaiwa.

18/ Misali: GTO mai lamba 3851GT. A watan Oktoban 1962 Henri Oreiller, ɗan Faransa da ya ci zinare a wasan zamiyar ƙanƙara a Olamfik ta 1948, ya yi hatsari da ita a filin Montlhéry, ya rasu. Kamfanin ya sake gina ta. Fabrizio Violati ya saya a 1965 ya riƙe har mutuwarsa. A 2014 Bonhams ta sayar da ita dala miliyan 38.1.

19/ Wata kuma, 3413GT, a 1964 Scaglietti ya cire mata bodin farko ya sa mata sabon samfuri. Duk da haka a 2018 RM Sotheby's ta sayar da ita dala miliyan 48.4. Kun ga ƙa'idar? Canjin da aka yi a zamanin tseren, kuma yana rubuce, ya shiga tarihin motar. Wanda aka yi jiya a garejin da ba a sani ba, daraja yake ragewa.

20/ Da rikici ya yi yawa, a 2006 kamfanin ya buɗe sashen Ferrari Classiche a Maranello. Motar da ta haura shekara 20 za ka iya kai ta a tantance. Idan ta tsallake, a ba ka wani jan kundi mai hotuna da bayanai. Lamborghini ma ta buɗe nata, Polo Storico, a 2015.

21/ Ƙarfinsu a ma'ajiyar takardu yake. Sun adana zanen injiniyoyi da takardar haɗa kowace mota. Sai su duba lambar shasi da ta inji da ta giya, su auna tsawo da faɗi, su gwada ƙarfen su ga ko na zamanin ne. Idan wani sashe ya ɓace, suna iya ƙera sabo daga zanen asali.

22/ Ni dai a ganina akwai abin dubawa a nan. Kamfani ɗaya ne alƙali, shi ne kuma mai gyara. Shi zai ce motarka ba ta cika ba, shi zai karɓi kuɗin cika ta. Amma dole in yarda, tun da jan kundin ya fito, mai saye ya samu abin dogaro da ya wuce rantsuwar dillali.

23/ Shi gyaran kansa fa? Ana warware motar har ƙusa ta ƙarshe, a ɗauki hoton komai, a sa wa kowane yanki lamba. A ɗora shasin a ma'auni a ga ko ya karkace. Gwani shi ne wanda ya ceci tsohon ƙarfe gwargwadon iko, ya yanke inda tsatsa ta ci kawai. Aikin kan ɗauki shekaru.

24/ Ku tuna guduman Scaglietti. Idan ka sa na'ura ta fitar da bodi sumul, dama da hagu daidai, masana za su gane ba haka ta fito ba. Don haka har gobe ana neman mai bugu da hannu, da mai ɗinkin kujerar fata, da mai ɗaure wayoyin ƙafar Borrani, da mai saita kafireto shida su yi numfashi tare.

25/ A shekarun 1980 yayin shi ne a gyara mota ta fi sabuwa sheƙi. A kankare fentin asali, a yar da tsohuwar fata, a goge inji kamar madubi, a kai ta baje koli irin na Pebble Beach ko Villa d'Este a bakin tafkin Como. Daga baya aka gane ana goge shaida ne. Fentin asali idan ya tafi ba ya dawowa.

26/ Sai ga abin da ya faru a Faransa. A 2014 aka gano tarin motocin iyalan Baillon, kusan 60, suna ruɓewa a rumfuna. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California ta 1961 da jarumin fim Alain Delon ya taɓa hawa, an jibga mata tsofaffin mujallu. A Fabrairun 2015 Artcurial ta sayar da ita a Paris, ba gyara, Yuro miliyan 16.3.

27/ Cinikin kansa hanya biyu yake bi. Akwai gwanjo, wanda mafi girmansa a Monterey ake yi duk watan Agusta, inda mai mota kan sa farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, kamfanin gwanjo kuma ya ɗauki la'adarsa. Akwai kuma cinikin sirri ta hannun dillalai. A 2018 an ruwaito GTO ɗaya ta tafi a haka kan kusan dala miliyan 70.

28/ Abin ya kai a 2019 wata kotu a Bologna ta yanke cewa siffar 250 GTO aikin fasaha ce da doka ta kare, bayan wani kamfani a Modena ya so yin sababbi masu kama da ita. Motar da aka taɓa ba 'yan sakandare su kwance su ɗaura, yau ana lissafa ta tare da zanen manyan masu zane.

29/ Abin da ke damuna shi ne an ƙera su don su yi gudu. Da tsada ta yi yawa, da yawansu sun koma zaman ɗaki mai sanyi. Har ana samun masu sa a yi musu kwafi su yi tsere da shi, ta asalin tana kulle. Masu fito da nasu a Goodwood ko Mille Miglia su taka su da gaske, ni su nake jinjina wa.

30/ Kafin ku ce ina ruwanmu: Pininfarina da ya zana Ferrari da yawa, shi ya zana Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Ba za ta taɓa yin kuɗin GTO ba, don an yi ta sama da miliyan uku a duniya. Amma mai lafiya da injinta na asali kullum raguwa take, 'yan jari bola na kwashewa.

31/ Idan akwai irinta a gidanku an jingine, kafin a kira mai sikeli ku nemo takardunta: rasit, lasin, tsofaffin hotunan Baba a jikinta. Ku rubuta lambar shasi da ta inji, kada a yi saurin yi mata fenti. Wanda yake da hoton tsohuwar motar gidansu ya ajiye min a ƙasa, da shekarar da aka saye ta. Zare na gaba kan Lamborghini Miura ne, in sha Allah.